Bakwaini ma majinyaci ne

A watan Janairun 2019, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ba da izinin amfani da wata ƴar na'ura da ake toshe wata kafar jini da ita a gefen zuciyar jariran da aka haifa watanninsu ba su cika ba. Sunanta Amplatzer Piccolo, kamfanin Abbott ne ke ƙera ta, kuma ba ta fi ƙwayar wake girma ba. Sharaɗin da aka gindaya shi ne jaririn ya kai nauyin gram 700, ya kuma yi kwana 3 a duniya. Ba a tsaga ƙirji. Ta jijiyar cinya ake zura wani siririn bututu da likitoci ke kira kateta, a bi da shi har zuciya, a ajiye na'urar inda ake so, a zaro bututun.

Gram 700 fa, jama'a. Kilo guda na sukari ya fi shi nauyi. Zuciyar mutum kwatankwacin dunƙulen hannunsa ce, to sai a auna dunƙulen hannun irin wannan jariri. Jinin jikinsa gaba ɗaya bai wuce cokali biyar na cin abinci ba.

Duk sa'ad da irin wannan labari ya zagayo a WhatsApp ko Facebook, martani iri biyu nake gani. Wasu su ce, "Ikon Allah! Mutanen nan sun gama da duniya," su tura wa na gaba. Wasu kuma su ce, "Ina ruwanmu? Mu da ko safar hannu sai an rubuta maka ka je ka sayo." Kowane ɓangare yana da uzurinsa, amma dukansu sun bar labarin inda suka tsince shi. Abin da ni na gani a ciki shi ne, kafin wani ya zauna ya ƙera na'ura don zuciyar jariri mai gram 700, sai da al'ummarsa ta yarda cewa wannan jariri majinyaci ne kamar kowa: a auna shi, a buɗe masa takarda, a kwana a kansa. Wannan yarda ba a sayo ta da kuɗin waje. Ita ya kamata mu fara ɗauka, sauran su biyo baya bi da bi.

Wace kafa ce ake toshewa?

Ɗan da ke cikin ciki ba ya numfashi da huhu. Iskar da jininsa ke bukata ta mabiyiya take zo masa. Saboda haka Allah cikin hikimarsa ya yi wa jinin hanyar yanke: wata gajeriyar jijiya da ta haɗa babbar jijiyar da ke kai jini huhu da babbar jijiyar da ke raba jini ga sauran jiki. Yawancin jinin ta nan yake bi, ya kauce wa huhun da bai fara aiki ba. Babu wanda bai zauna da wannan hanya ba a cikinmu. Da an haihu, jariri ya yi kukan farko, huhu ya buɗe, iska ta shiga jini, sai hanyar ta fara tsukewa. Ga wanda watanninsa suka cika, galibi cikin kwana 2 zuwa 3 ta rufe da kanta.

Ga bakwaini, ba kullum abin ke tafiya haka ba. Naman da ke tsuke jijiyar bai yi ƙwari ba, sai ta zauna a buɗe, kuma gwargwadon ƙanƙantar jariri gwargwadon yiwuwar hakan. Likitoci masu aiki da Faransanci suna taƙaita sunan matsalar da PCA, masu Ingilishi kuma PDA. In kafar babba ce, sai jini ya juya. Wani kaso na wanda ya kamata ya tafi hanji da ƙoda da ƙwaƙwalwa ya koma huhu. Mai noman rani ya san wannan. In lambatu ya fashe a tsakiya, fangali ɗaya ya cika har ya yi ambaliya, na ƙarshe kuma ƙishirwa ta kashe shukarsa. Haka huhun jaririn ke jiƙewa, numfashi ya yi masa wuya, zuciya ta yi ta aikin da ya fi ƙarfinta, a kasa raba shi da na'urar numfashi.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu

Ƴar na'urar nan ba daga sama ta faɗo ba. A 1929, a garin Eberswalde na Jamus, wani matashin likita mai suna Werner Forssmann ya zura bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya je ya ɗauki hoto don a shaida. Manyansa ba su yaba masa ba a lokacin. Sai a 1956 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu likitoci biyu, André Cournand da Dickinson Richards, waɗanda suka mai da wannan kasada aikin asibiti.

A watan Agustan 1938, a Boston, Robert Gross ya buɗe ƙirjin wata yarinya ƴar shekara 7 ya ɗaure wannan kafa da zare. Yarinyar ta warke, ta rayu har ta tsufa. Daga nan aka saba da tiyatar. A 1967, a gabashin birnin Barlin, Werner Porstmann ya nuna ana iya toshe kafar ta cikin jijiya ba tare da an buɗe ƙirji ba, sai dai kayan aikinsa masu kauri ne, ba su shiga jijiyar jinjiri. A 1976 aka gano cewa wani maganin ciwon gaɓoɓi mai suna indometasin yana sa kafar ta tsuke a jikin bakwaini. Daga baya aka koma ga ibufurofen, sannan aka gwada farasitamol. Maganin ba ya yi wa kowa aiki, kuma yana iya taɓa ƙoda da hanji. In ya gaza, sai tiyata: a tsaga tsakanin haƙarƙari ta gefen hagu, a ture huhu, a ɗaure jijiyar. Ga jaririn da bai kai kilo ba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu sukan fito da rauni a jijiyar murya, wasu zuciya da numfashi su rikice musu a awowin da ke biyo baya.

Shi kuwa sunan Amplatzer daga Kurt Amplatz ya samo asali, wani likitan hoto haifaffen Ostiriya da ya yi aikinsa a jami'ar Minnesota. Shi ya ɓullo da dabarar saƙa siraran wayoyi na wani ƙarfe, gaurayen nikel da titaniyam, wanda in an matse shi cikin bututu yakan miƙe kamar zare, in an sake shi ya koma siffarsa. Ya rasu a 2019, shekarar da aka amince da mafi ƙanƙantar na'urorin da ke ɗauke da sunansa. Tsakanin aikin Porstmann da wannan izini shekara 52 ce. A tsawon wannan lokaci ana ta rage kaurin bututu, ana gyara hoto, ana koyon yadda za a riƙe ran jariri ƙarami.

Yadda ake aikin kuwa, ana sa wa jaririn maganin barci, a kiyaye ɗumin jikinsa. Bututun kaurinsa bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Ta jijiyar da ke mai da jini zuciya ake shiga, a bar wadda ke kai jini ƙafa, domin in an taɓa ta a wannan ƙanƙanta ƙafar na iya rasa jini. Likita yana kallon hoton ciki a allo, wani yana duba zuciyar da na'urar hoto mai aiki da sauti, wadda ake kira eko. In na'urar ta zauna daidai cikin kafar, ba ta tokare hanyar huhu ko ta jiki ba, sai a kwance ta a bar ta. Nama ya rufe ta da sannu, ta zauna nan har iyakar rayuwa. A binciken da aka yi a asibitocin Amurka kan yara 200, rabinsu nauyinsu bai wuce kilo 2 ba, kuma a cikin waɗannan ƙananan 100 an yi nasarar dasa ta a jikin 99.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba

Ba na son mu karanta wannan kamar takardar talla. Na'ura haja ce, kamfani ke sayar da ita, kuma tana da nata haɗari. Takan zame daga mazauninta ta bi jini, sai an sake shiga an kamo ta. Takan matse jijiyar huhun hagu ko babbar jijiyar jiki. Bututun kansa yakan ji wa ɗaya daga ƙofofin zuciya rauni. Kuma matsala guda take magancewa cikin tarin lalurorin zuciya da ake haihuwar yara da su, waɗanda ke samun kusan jariri 1 cikin kowane 100. Akwai wasu da ake yi wa aiki da bututu, kamar yadda William Rashkind ya fara faɗaɗa kafa tsakanin ɗakunan zuciya da ƴar balan-balan a Filadelfiya a 1966, akwai kuma da yawa da har gobe sai an buɗe ƙirji.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, su kansu masu na'urar suna ta gardama kan ko kowace kafa ce ke bukatar a taɓa ta. A ƙarshen 2022 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna BeNeDuctus da aka yi a Holan da Beljiyam da Denmak kan jarirai 273 da aka haifa kafin mako 28. Wasu aka ba su ibufurofen da wuri, wasu aka sa musu ido kawai. Waɗanda aka sa wa ido ba su fi shan wahala ba, hasali ma ciwon huhu mai daɗewa ya fi yawa cikin waɗanda aka ba maganin. A farkon 2024, wani gwajin na Birtaniya mai suna Baby-OSCAR, kan jarirai 653, ya nuna ba da maganin da wuri bai rage mutuwa ko ciwon huhun ba. Magani aka gwada a nan, ba na'ura ba, amma tambayar da aka tayar ta shafi duka: wace kafa ce za ta rufe da kanta in an yi haƙuri, wace ce kuma ke cin ran yaro? Don haka aka ƙaddamar da wani gwajin a Amurka mai suna PIVOTAL, na kwatanta toshewa da na'ura da kuma sa ido.

Ke nan gwaninta ba a hannun mai zura bututu kaɗai take ba. Tana wurin wanda ya san yaron da za a taɓa da wanda za a ƙyale. Akwai ma jariran da ransu ya rataya ga wannan kafa, saboda wata hanyar ta zuciyarsu a toshe take. Su magani ake ba su don kada ta rufe. Wanda ya rufe musu ita bisa zato ya kashe su. Babu mai rarrabe wannan da wancan sai da hoton eko da idon da ya koyi karanta shi.

A nan akwai gargaɗin da ya shafe mu kai tsaye. Maganin da ke tsuke wannan kafa a jikin bakwaini yana iya tsuke ta tun yaro yana ciki, lokacin da ba shi da wata hanya sai ita. Ibufurofen da diklofenak, waɗanda ake tallarsu a tire a kasuwa da tasha kamar alewa, suna cikin magungunan da ake hana mai ciki sha, musamman a watannin ƙarshe. Mai ciki da baya ke wa ciwo, ta tambayi ma'aikacin lafiya kafin ta haɗiyi komai. Kada kuma wani ya karanta wannan sharhi ya ce zai ɗura wa jinjiri magani a gida.

Sai ka kwana uku tukuna

Mu koma ga sharaɗin nan na kwana 3. A ƙasashen da aka ƙera na'urar, ba a ɗauke shi wani abu ba. A wurinmu shi ne dukan maganar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin lokacinsu, kuma matsalolin haihuwar bakwaini sun ci ran yara kusan dubu 900 a 2019. Ta kuma ce cikin waɗanda ake haifa kafin mako 28, fiye da kashi 90 cikin 100 suna mutuwa a kwanakin farko a ƙasashe matalauta, alhali a ƙasashe masu arziki waɗanda ke mutuwa ba su kai kashi 10 ba. Ba kafar zuciya ce ta raba su ba. Sanyi ne, da ƙarancin iska, da ƙwayoyin cuta, da yunwa. Jaririn da ya kai ga ɗakin zura bututu a Boston ko Paris ya riga ya samu kwalba mai ɗumi, lantarkin da ba ya yankewa, iskar oksijin da aka auna, nonon uwarsa ta ƴar robar hanci, da ma'aikaciyar jinya da ba ta da jarirai ashirin a wuyanta. Na'urar ita ce jinka. Wanda ya ɗora jinka bai kafa shika-shikai ba, iska ce za ta raba shi da ita.

Abin farin ciki, wasu daga cikin shika-shikan nan a yankinmu aka gwada su. A 1978, a Bogota ta ƙasar Kolombiya, kwalabe suka yi wa wani asibiti kaɗan, sai likita Edgar Rey ya fara sa iyaye mata su ɗaura jariransu a ƙirji, fata da fata. Shi ne ake kira goyon kangaru. A 2021 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Gana da Najeriya da Indiya da Malawi da Tanzaniya, ciki har da asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi da na jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife. Jarirai ne masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8. Waɗanda aka fara yi wa goyon ƙirji tun daga haihuwa, kashi 12 cikin 100 suka mutu cikin kwana 28. Waɗanda aka jira sai sun daidaita, kashi 15.7. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da wannan ƙa'ida. Wa zai koya wa Bahaushiya goyo? Juyo da shi gaba kawai za a yi, a cire rigar da ke tsakani, a kuma ba uwar gado kusa da inda ake kula da ɗanta.

Haka ma allurar deksametazon da ake yi wa macen da naƙuda ke shirin kamawa kafin lokaci, don huhun ɗan ya yi ƙwari. Gwajin da aka fitar a 2020, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangladash, ya nuna mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Allura ce mai araha, amma sai a asibitin da aka san watannin cikin, ake kuma iya kula da uwa da ɗa. Shi ya sa zuwa awo da wuri yake da muhimmanci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, mu manta da bututun ke nan?

A'a. Wanda ya ce talaka bai cancanci aikin zuciya ba sai ya gama da zazzaɓin cizon sauro, bai yi mana adalci ba. Akwai yaran da kafar ta zauna musu a buɗe, bakwaini da waɗanda ba bakwaini ba, suka kuma rayu. Jinjirin da ke gumi in yana shan nono, yana haki, ba ya ƙiba, ciwon ƙirji na yawan kama shi, ya kamata a saurari zuciyarsa. Mu da ke koyarwa muna ganin irinsu in sun taso: yaron da ke zaune a inuwa lokacin da ƴan ajinsu ke guje-guje, wanda ake ce wa raggo. Ba kowane mai gajiya ke da ciwon zuciya ba, amma duba shi bai kai kuɗin barinsa ba. Ga yaron da ya yi ƴan kilo, toshe wannan kafa da bututu aiki ne da aka daɗe da ƙwarewa a kansa, kuma sau ɗaya ake yi. In kuwa aka bar babbar kafa shekara da shekaru, jijiyoyin huhu sukan lalace ta yadda ko an samu kuɗin daga baya ba ta toshuwa.

Yankinmu bai rasa inda aka fara ba. A Gana akwai cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989. A Sudan, ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe cibiyar Salam kusa da Khartum a 2007, tana yi wa mutane aikin zuciya kyauta daga ƙasashe da dama. A Kamaru an buɗe cibiyar Shisong a garin Kumbo a 2009. A Bamako an buɗe ta André Festoc a 2018 da taimakon ƙungiyar La Chaîne de l'Espoir ta Faransa, wadda ta taimaka wa ta Dakar ma. Sai dai rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya kawo wa Shisong cikas, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 kuma ya tare wa marasa lafiya hanyar Khartum. Asibitin zuciya ba ya rayuwa inda babu zaman lafiya. Har yau uba yakan fito a rediyo ko Facebook da hoton ɗansa yana roƙon a taimaka a fitar da shi waje. Allah ya saka wa masu taimakawa, amma roƙo ba tsari ba ne. Wanda ya iya magana ko ya san wani shi ke samu, na ƙauye ya mutu ba a ma san sunan ciwonsa ba.

Abin da addini ya riga ya yanke

Akwai maganar da ake yi a hankali a gidan haihuwa in an ga jariri ƙarami: "Wannan ai ba mai zama ba ne." Daga nan sai hannu ya yi sanyi. Ba a nemi mota ba, ba a kai shi an auna ba, wani lokaci ko ragon suna ba a yi maganarsa. Ana kiran wannan tawakkali, ni kuwa ban ga tawakkali a ciki ba. Malaman fiƙihu tun zamanin sahabbai sun fitar da cewa mafi ƙarancin muddar ciki wata 6 ce, ta hanyar haɗa ayar Suratul Ahƙaf da ta Suratul Baƙara: a cire wata 24 na shayarwa daga wata 30. Kusan a nan ake haihuwar irin jariran da muke magana a kansu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jaririn da ya faɗo ya yi kuka, ransa ya tabbata, yana gado, ana gadonsa, in ya rasu a yi masa wanka da salla. Shari'a ba ta ce sai ya kai kilo kaza ba. Wanda aka ba haƙƙin gado, ta yaya za a hana shi haƙƙin ɗumi da jinya? Rai na Allah ne, babu mai musu. Amma abin da aka ɗora mana shi ne ƙoƙari, kuma za a tambaye mu.

Wasu al'adunmu ma ga bakwaini haɗari ne. Wanka da an haihu yana kwashe masa ɗumin da ba ya iya mayarwa. Zubar da dakashi hana shi rigakafinsa na farko ne. Ɗura masa ruwa ko jiƙo, da kiran wanzami ya cire beli, ƙofa ce ta cuta da zubar jini ga mai cokali biyar. Ƴan barka su yi haƙuri su yi addu'a daga bakin ƙofa, ba sai ya zaga hannu goma ba.

Kirana

Ga magabata, a bi abin daki-daki. Kowane gidan haihuwa ya samu ma'auni mai aiki, a auna kowane jariri a rubuta, har wanda bai kwana ba, don wanda ba a ƙirga ba ba a yi masa kasafi. Cibiyoyin kula da uwa da ɗa na jihohi su samu ɗakin goyon ƙirji, iskar oksijin, ƴar na'urar taimakon numfashi, da lantarkin hasken rana wanda ba ya jiran kowa. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, bakwaini ba ya wannan tafiya. Dole abin da zai riƙe shi ya kasance kusa da inda aka haife shi. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar. Sai a riƙa biyan asibitoci kuɗinsu a kan kari, in ba haka ba kyautar ta tsaya a takarda. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Ƴan jarida su riƙa tambaya kowace shekara ina aka kwana.

Bayan haka, a sa na'urar eko da wanda ya iya ta a kowane babban asibitin jiha. A tura matasan likitoci da masu jinya su koyo aikin zuciyar yara, a kuma tanadar musu abin da zai zaunar da su in sun dawo. Ba kowace ƙasa ce za ta iya ɗaukar nauyin cikakkiyar cibiya ita kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabta su yi yarjejeniya a rubuce, yaro ya tsallaka iyaka da takardar likita, ba da ƙoƙon bara ba. A fara da yara masu ƴan kilo. Ranar da hannu ya faɗa, ɗakin jarirai kuma ya tsaya da ƙafarsa, za a sauko kan mai gram 700.

Ga malamai masu wa'azi, ku faɗa a mumbari cewa bakwaini amana ne. Ga magidanta, kuɗin awo da na mota ku ajiye su tun ciki yana ƙarami, ku tabbatar ta sha maganin rigakafin zazzaɓi, ta kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro yana cikin abubuwan da ke jawo haihuwa kafin lokaci. In uwa ta gaji, uba ma ƙirjinsa yana da ɗumi, babu abin kunya a ciki. Mu kuma masu alli, darasin zagayawar jini da muke zana wa yara a allo, mu haɗa shi da wannan. Cikin ɗaliban nan ne ungozomar gobe take, da uban da zai yanke shawarar a kai jariri asibiti ko a bar shi a ɗaka.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana ƙanananmu, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.